Manhajar da ke cikin ganye: yadda ƙwayoyin gado ke kunna ƙera magani a jikin tsiro

Akwai wani ɗan fure da duk mai bin layukan Barnawa ko Narayi ya sha wucewa ta gabansa ba tare da ya waiwaya ba. Gajere ne, da ƙyar yake wuce gwiwa, ganyensa kore shar mai sheƙi, furensa mai kunne biyar, wani fari fat wani ruwan hoda. Ana shuka shi a gindin katanga da harabar makarantu da ofisoshi saboda ba ya ba da wahala, ko an kwana biyu ba a ba shi ruwa ba yana nan yana fure. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne, kuma sunansa a littattafan kimiyya Catharanthus roseus.

Daga ganyen wannan fure ake samo magungunan kansa guda biyu, binkiristin da binbilastin, waɗanda a jikin kwalba ake rubuta su Vincristine da Vinblastine. Dukansu suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Binkiristin na cikin haɗin da ake yi wa yara masu kansar jini, da kansar ƙoda, da kansar ido, da kuma kansar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki, kuma ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu irin Nijeriya. Yaron da aka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, akwai yiwuwar wannan suna ya fito a takardar maganinsa.

Matsalar ita ce tsiron marowaci ne. Sai an tara kimanin kilo 500 na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya na binbilastin. Binkiristin ya fi tsada, wajen tan 2 ake nema, wato buhu arba'in mai cin kilo hamsin-hamsin, don giram ɗaya tak. Idan aka raba lissafin, 'yar kwalbar nan mai miligiram ɗaya ta cinye ganye kilo biyu. Abin da ya sa tsiron yake ƙera maganin, da abin da ya sa yake ƙera shi kaɗan haka, duk a rubuce suke a cikin ƙwayoyin gadonsa, kuma wanda ya saba da wayar salula zai fi saurin gane tsarin fiye da yadda yake zato.

Ɗacin da ke kare tsiro

Sinadaran da ake magana a kansu ana kiran danginsu alkaloyid. Alamarsu ita ce suna ɗauke da naitirojin, yawancinsu suna da ɗaci, kuma ɗan ƙanƙani daga cikinsu ya isa ya taɓa jijiya ko zuciya ko ƙwaƙwalwa. Sunan ya fito ne a 1819, kuma tushensa kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai. Ba baƙi ba ne a rayuwar Bahaushe. Kafeyin da ke hana mai cin goro barci alkaloyid ne, nikotin na taba alkaloyid ne, haka kodin da mofin da ake samu daga tsiron fofi. Kwinin ma haka, wanda da taimakonsa William Baikie ya shigo Neja da Binuwai da jirgin Pleiad a 1854 ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe Bature ko ɗaya a tawagarsa ba. Atemisinin na maganin maleriyar zamani shi ma daga tsiro yake, amma ba ya cikin wannan dangi domin babu naitirojin a jikinsa.

Tsiro ba don ɗan Adam yake ƙera waɗannan abubuwa ba. Ba shi da ƙafar gudu, ba shi da ƙaho, don haka guba ce makaminsa a kan tsutsa da fara da akuya. Dace ne kawai aka yi cewa gubar da ke hana tantanin ƙwaro rabuwa, idan aka auna ta daidai, tana hana tantanin kansa rabuwa. Aikin binkiristin ke nan: yana maƙalewa a jikin zaren da tantani ke amfani da shi wajen rabuwa gida biyu, sai rabuwar ta tsaya cak. Tunda tantanin kansa ya fi kowa gaggawar rabuwa, shi ya fi shan kashi.

Gano shi ma da dace aka yi. A shekarun 1950 wani mai bincike a Kanada, Robert Noble, ya samu ganyen daga Jamaika, inda ake shan shayinsa da sunan maganin ciwon suga. Da aka yi wa ɓeraye allurarsa, sugan bai wani sauka ba, amma fararen ƙwayoyin jininsu suka zube. Abin da ya ja hankali ke nan. A 1958 Noble da Charles Beer suka ware binbilastin, daga baya kamfanin Eli Lilly ya ware binkiristin, kuma Amurka ta amince da shi a 1963.

Kod ɗaya, amma ba kowace manhaja ke aiki ba

Kowane tantani a jikin tsiro yana ɗauke da cikakken kwafin DNA ɗinsa. DNA rubutu ne da haruffa huɗu, A da C da G da T, kamar yadda kwamfuta ke rubuta komai da sifili da ɗaya. Na furen Madagaska ya haura haruffa miliyan 500, a rarrabe cikin ƙunshi takwas da ake kira kuromosom, kowanne da abokinsa. Idan aka adana shi a fayil na zallar rubutu, harafi ɗaya bayit ɗaya, bai kai girman wasu fina-finan da ake turawa ta Xender ba. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu mai ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. Wasu furotin ɗin ma'aikata ne, ana kiransu enzayim, kowanne yana ɗaukar wani sinadari ya yi masa gyara guda ɗaya ya miƙa wa na gaba.

Tambayar da ya kamata ta zo wa mai karatu ita ce: idan saiwa da ganye da fure duk kod ɗaya suke ɗauke da shi, me ya bambanta su? Amsar tana cikin aljihunsa. Waya na iya ɗauke da manhaja tamanin, amma uku ko huɗu ne ke aiki a lokaci guda, sauran suna kwance suna jiran a taɓa su. Haka ƙwayoyin gado suke. A gaban kowacce akwai wani ɗan yanki da ke aikin makunni, kuma akwai wasu furotin na musamman da ba sa ƙera komai, aikinsu kawai su zo su zauna a kan makunnin su ce a fara karantawa. A kira su masu kunnawa. Mai kunnawa ɗaya na iya tayar da ƙwayoyin gado da dama a tare, kamar yadda danna yanayin jirgi ke taɓa layi da Wi-Fi da Bluetooth a bugu ɗaya.

Shahararren mai kunnawa a furen Madagaska shi ne ORCA3. Leslie van der Fits da Johan Memelink na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan ne suka bayyana shi a mujallar Science a shekarar 2000. Yadda yake samun umarni abin sha'awa ne ga duk wanda ya taɓa rubuta kod. Idan tsutsa ta ciji ganye, tsiron yana fitar da wani sinadarin ƙararrawa mai suna jasmonet. A lokacin zaman lafiya akwai wasu furotin da ake kira JAZ, waɗanda suke riƙe da wani babban mai kunnawa, MYC2, sun hana shi motsi. Da zarar jasmonet ya bayyana, sai tantanin ya kama JAZ ya wargaza su. MYC2 ya samu sakewa, ya je ya kunna ORCA3, shi kuma ORCA3 ya kunna jerin enzayim ɗin da ke haɗa guba. Wato injin a shirye yake kullum, birki ne aka taka, cizon tsutsa kuma ɗaga ƙafa yake yi daga birkin. Akwai kuma wasu furotin, ZCT, da ke zuwa daga baya su rage wuta, domin ƙera alkaloyid yana cin naitirojin da ƙarfin da tsiron ke buƙata don girma. Tsiro ma yana tattalin batir.

Da aka gano ORCA3, tunanin farko mai sauƙi ne: a murɗa shi ya tsaya a kunne, magani ya yi ta zuba. An gwada a kan tantanin furen da ake reno a kwalba, sai aka samu rabin nasara. Hanyar ƙera maganin tana farawa ne da rassa biyu. Reshe ɗaya yana samar da tiriftamin, ɗayan yana samar da sikologanin, sai wani enzayim ya ɗaura su su zama sitiriktosidin. ORCA3 ya cika kwalba da kayan reshen farko, amma bai taɓa wata muhimmiyar ƙwayar gado a reshe na biyu ba, don haka alkaloyid bai ƙaru ba sai da aka zuba wa tantanin kayan reshe na biyu daga waje. Sai a 2015 masu bincike a Ghent ta ƙasar Beljiyam suka gano BIS1, mai kunnawar da ke kula da wancan reshen. Shekara goma sha biyar tsakanin makunni biyu. Duk wanda ya taɓa gyara layi ɗaya a manhaja ya ga wani ɓangaren ya ƙi tashi saboda yana jiran wani fayil da ba a san da shi ba, ya san irin wannan ciwon kai.

Sitiriktosidin ɗin nan ya cancanci a riƙe sunansa. Shi ne tubalin da alkaloyid fiye da 2,000 ke fitowa daga gare shi a tsirrai daban-daban, har da kwinin. Tushe ɗaya, kowane tsiro ya ɗora nasa ginin.

Masana'anta mai sassa uku

Dalili na biyu na rowar tsiron shi ne tsawon hanya. Daga farko zuwa binbilastin matakai 31 ne, kuma ba a wuri ɗaya ake yin su ba. Wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙu irin su KTL da UNTL ke aiki zai tuna cewa sashen kaɗi daban, na saƙa daban, na rini daban, kuma kaya sai an tura su daga wannan zuwa wancan. A cikin ganyen furen ma haka ne. Matakan farko a wasu tantani da ke kusa da jijiyoyin ganye ake yin su. Daga nan a tura kayan zuwa fatar ganye, inda ake haɗa sitiriktosidin. Matakan ƙarshe kuma a wasu tantani ƙalilan da ke warwatse cikin ganyen, waɗanda ke aikin rumbun guba. A cikin tantani ɗaya ma, wani mataki a wannan ɗaki ake yi, wani a wancan, kuma kowace ƙofa tana da furotin mai fiton kaya, shi ma da tasa ƙwayar gadon.

A ƙarshe ana samun rabi biyu, katarantin da bindolin, waɗanda sai sun haɗu ake samun maganin. Tsiron yana ƙera rabin biyu da ɗan yawa, amma kaɗan yake haɗawa. Bindolin kuma yana buƙatar haske da cikakken ganye, shi ya sa duk ƙoƙarin da aka yi na shekaru na renon tantanin furen a tanki don samun maganin ya ci tura. Tantanin da ke yawo a ruwa yana da kod ɗin gaba ɗaya, amma bai san shi ganye ba ne, don haka manhajar ba ta tashi.

Sai a 2018 aka cike giɓin ƙarshe na jerin enzayim ɗin. Tawagar Sarah O'Connor a Cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila ce ta wallafa sauran da suka rage, a daidai lokacin da tawagar Vincenzo De Luca a Kanada ke kan wannan aiki. Hanyar da ake bi wajen irin wannan farauta aikin kwamfuta ne ƙwarai. Ana auna ƙwayoyin gado dubbai a ga waɗanne ne ke tashi tare da waɗanda aka riga aka sani, a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Waɗanda suka dace su ne ake zargi. Sai a kashe su ɗaya bayan ɗaya a jikin tsiro a ga inda layin ya tsaya da abin da ya taru a wurin. Maginin manhaja ma haka yake neman kuskure, ya rufe layi ya sake gwadawa.

Da jerin ya cika, sai aka kwafe shi zuwa wata na'urar. A 2022 wata tawaga a Jami'ar Fasaha ta Denmak, tare da Jay Keasling, ta wallafa a mujallar Nature cewa ta sa yis, irin dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi, ya ƙera katarantin da bindolin daga suga da sauran abincinsa. Sai da aka yi gyara 56 a DNA ɗin yis ɗin, ciki har da dasa ƙwayoyin gado 34 da aka ɗauko daga tsirrai. Haɗa rabin biyun kuma a waje aka yi shi da sinadarai. Kanun labarai sun yi ta murna, amma ya kamata a faɗi adadin: abin da aka samu bai kai miligiram ɗaya a lita ba. Gwaji ne da ya nuna abin zai yiwu, bai kai kayan kasuwa ba tukuna.

Kuma kada a ɗora wa ganye laifin da ba nasa ba. A 2019 an yi ƙarancin binkiristin a Amurka kanta, har likitocin yara suka shiga lissafin wa za a fara ba. Dalilin shi ne kamfanin Teva ya daina yin sa, aka bar Pfizer shi kaɗai, shi kuma ya samu tsaiko a masana'anta. Tsohon magani ne mai araha da ba ya kawo riba mai yawa. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu kansa suna warkewa, a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2018 shi ne a kai kashi 60 nan da 2030. Yawancin wannan tazara daga zuwa asibiti a makare take, da kuɗin magani, da yankewar magani a tsakiyar jinya. Yis mai ƙera magani zai taimaka wajen samar da kaya, amma ba zai biya kuɗin mota daga Sabon Tasha zuwa Shika ba.

Abu ɗaya da ya zama dole a faɗa: dafa ganyen furen nan a sha ba maganin kansa ba ne. Ganyen yana ɗauke da alkaloyid fiye da 130, maganin da ake nema ɗigo ne a cikinsu, kuma ta jijiya kaɗai ake ba da shi, da awo, a hannun likita.

Zaƙami, da abin da ya sa ba shi da awo

Misalin da ya fi kusa da matasa shi ne zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro, Datura metel a kimiyance. Yana fitowa a juji da kangon gidaje, da farin fure mai kama da kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Ɗan gida ɗaya ne da tumatir da gauta da barkono da dankalin Turawa da taba. Alkaloyid ɗinsa biyu ne manya, hayosiyamin da sikofolamin, kuma a saiwa ake ƙera su sannan a tura su sama zuwa ganye da iri. Taba ma a saiwa take ƙera nikotin. An tabbatar da haka tun shekarun 1940 ta hanyar aure: aka ɗora kan tumatir a gindin taba, sai ga nikotin a ganyen tumatir.

Enzayim ɗaya, H6H, shi ke mayar da hayosiyamin ya zama sikofolamin. A 1992 masu bincike a Japan suka dasa ƙwayar gadonsa a wani ɗan uwan zaƙami mai suna Atropa belladonna, suka sa ta tsaya a kunne, sai ganyen ya koma kusan zallar sikofolamin. Wannan na cikin gwaje-gwajen farko da suka nuna cewa ƙwayar gado ɗaya na iya sauya maganin da tsiro ke bayarwa. A 2020 kuma tawagar Christina Smolke a Jami'ar Stanford ta sa yis ya ƙera sinadaran biyu.

Suna da amfani sosai idan an auna. Buscopan da ake saya a kemis don murɗawar ciki daga sikofolamin ake sarrafa shi. Atirofin, wanda daga hayosiyamin yake, shi ne allurar da ake ceton wanda ya sha maganin ƙwari irin Sniper da ita. Bambancin kwalbar asibiti da 'ya'yan zaƙami shi ne awo. Tunda makunnan tsiron suna amsa cizon ƙwaro da fari da irin ƙasa da shekarun tsiron, tsiro biyu a layi ɗaya na iya bambanta sosai a ƙarfin guba. Wanda ya ce ya san adadin 'ya'yan da ke isarsa yana auna abin da ba ya tsayawa ne. Alamomin wanda ya sha su ne bushewar baki, buɗewar ƙwayar ido, zafin jiki, bugun zuciya da sauri, riƙewar fitsari da sambatu, kuma wannan aikin sashen gaggawa ne a asibiti mafi kusa. Wanda shaye-shaye ya riga ya kama kuwa, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana duba irin wannan lalura. Wani abin mamaki, maganin da ke karya gubar zaƙami, fisostigmin, shi ma alkaloyid ne daga tsiron Nijeriya, waken Kalaba.

Makunnan wannan dangi suna kama da juna ƙwarai. ERF189 da ke kula da nikotin a taba da GAME9 da ke kula da ɗacin tumatir da dankali duk 'yan uwan ORCA3 ne, kuma dukansu jasmonet suke saurare. Dankalin Turawa da aka bari a rana ya yi kore ko ya tsiro yana tara gubar solanin ne, don haka a yanke koren da kauri, idan ya yi yawa ko yana ɗaci a zubar.

Darasin tafashiya

A 2013 wata tawagar Faransa da Kamaru ta ba da sanarwar da ta girgiza masana: ta ce ta samu tiramadol a ɓawon saiwar tafashiya, bishiyar da masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa suka daɗe suna amfani da ita. Tiramadol kuwa kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1962. Idan labarin ya tabbata, tsiro ya riga ɗan Adam ke nan.

A 2014 tawagar Michael Spiteller ta Dortmund ta sake dubawa. Ta samu tiramadol a saiwar tafashiyar arewa mai nisa ta Kamaru, amma babu shi a ta kudu. Ta same shi kuma a ƙasa, a ruwa, da saiwar wasu tsirran da ba su da alaƙa da tafashiya. Bayanin da ta bayar shi ne manoman yankin suna shan ƙwayar, suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, shanun su yi fitsari a inuwar bishiya, saiwa ta tsotse. Tawagar farko ta yi gardama, sai a 2016 aka yi gwajin da ya fi ƙarfi. Duk abin da tsiro mai rai ya ƙera yana ɗauke da wani nau'in kabon mai lamba 14 da ya shaƙa daga iska, abin da aka haɗa daga man fetur kuwa ba shi da shi, domin ya daɗe da ƙarewa a ƙarƙashin ƙasa. Tiramadol ɗin da aka gwada na fetur ne.

Wannan labari yana ba da ma'aunin da za a riƙa ɗora saƙonnin WhatsApp masu cewa an gano sinadari kaza a ganye kaza. Samun sinadari a jikin tsiro mataki ne na farko kawai. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a nuna ƙwayoyin gadon da ke ƙera shi, a kashe su ya ɓace, a dasa su a wani wuri ya bayyana. An yi haka ga binbilastin da sikofolamin da mofin. Tafashiya tana da nata alkaloyid na gaske daga gidan sitiriktosidin, amma ba a fito da ƙwayar gadon tiramadol daga jikinta ba.

Inda mai waya ke shigowa

Yawancin bayanan nan a buɗe suke, kyauta. Rumbun GenBank na hukumar NCBI ta Amurka yana buɗewa a burauzar waya. Idan aka rubuta ORCA3 tare da Catharanthus roseus, jerin haruffan zai fito. A kwafe shi a liƙa a manhajar BLAST da ke shafin, za ta jero ƙwayoyin gadon wasu tsirrai masu kama da shi da kashin kamanninsu. Rumbun AlphaFold, wanda tun 2022 ya haura furotin miliyan 200, yana nuna siffar da ake hasashen furotin ke da ita, ana juya ta da yatsa. Wanda ya iya Python ko da kaɗan ne zai iya buɗe Google Colab ya ɗora Biopython ya fara da ƙirga haruffa da fassara DNA zuwa furotin. Fayil ɗin ƙwayar gado ɗaya 'yan kilobayit ne, bai kai hoto ɗaya cin data ba. Cikakken DNA na tsiro ne ke son Wi-Fi.

Giɓin yana wajen tsirran gida. Sashen nazarin magungunan tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da cibiyar NIPRD a Abuja sun daɗe suna tace sinadaran tsirran da masu maganin gargajiya ke amfani da su. Matakin da ke biye, na karanta DNA da gano makunnai, shi ne bai yi nisa ba a nahiyar, kuma shi ya sa aka kafa shirin African BioGenome a 2021 da burin karanta na halittun Afirka kimanin 105,000. Ta fuskar doka, hukumar NBMA da aka kafa a 2015 ce ke ba da izinin sauya ƙwayoyin gado a Nijeriya, kuma gyaran dokarta na 2019 ya shigo da fasahar gyaran DNA. A ƙarƙashinta aka amince da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda cibiyar IAR ta Samaru ta samar.

Akwai kuma rigimar mallaka. Da can sai an ɗauki ganye ko iri an tsallaka iyaka da shi. Yanzu fayil ya isa, kuma wanda ya sauke jerin haruffa a wata ƙasa zai iya ƙera maganin a tankin yis ba tare da ya taɓa ganin tsiron ba. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu da aka yi a birnin Cali na Kolombiya a 2024 an amince da kafa asusun da manyan kamfanonin da ke cin moriyar irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na ribarsu, ko kashi 0.1 na cinikinsu, rabin kuɗin kuma ya tafi ga al'ummomin da suka riƙe tsirran da iliminsu. Yarjejeniyar ba ta tilasta wa kamfani biya ba, ta bar wa kowace ƙasa ta san yadda za ta ja nata kamfanonin su zuba.